Rumbun da Yaya Ya Bar Mini

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, da Baba da ciwon ƙafarsa, da Auta mai karanta miki wannan. Auta, a hankali dai, ban da tsallake layi don sauri.

Ni lafiya ƙalau. Aiki yana nan yadda kika sani: in buɗe shago, in goge injin kwafi, in buga wa mutane takardu har yamma. Maigidana ya ce ya taɓa ganin masu shiru, amma ni ko injin kwafi ya fi ni hira. Ɗakina kuwa taga ɗaya ce, tana kallon bangon maƙwabta.

Kin sa Auta ta tambaye ni labarin Yaya. Lambarsa har yanzu ba ta shiga. Sai dai akwai wata hanya tsakanina da shi. Kafin su saɓa da Baba ya tafi, ya kan zo shagon nan ya koya mini rubuta manhajar kwamfuta. Ya buɗe wani wurin ajiya a intanet, ya zuba darussa a ciki, yana ce masa rumbu. Ya sa na buga umarni guda da hannuna, kulon ake kiransa, sai duk abin da ke cikin rumbun ya sauko cikin tsohuwar kwamfutar da ke kusurwar shago. Ya dafa kaina ya ce ko ƙwaƙwalwata ta ƙi ɗauka, rumbun nan namu ne mu biyu.

Na gama darussan tuni. Idan ba kowa a shago, nakan buɗe in rubuta masa gaisuwa a ƙarƙashinsu, in ba shi labarin gida. Na gaya masa Baba ya daina ambaton rigimar. Bai taɓa amsawa ba, ko da kalma ɗaya. Ina jin fushin ya shafe ni ni ma.

A gaida Baba.

Ɗanki,
Na-tsakiya

Zuwa ga Innata,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin Baba? Auta, na ji an ce kin fara girki, Allah ya tsare cikin mutanen gida.

Inna, tsohuwar kwamfutar ta mutu. Wuta ce ta dawo da ƙarfi, na ji ƙauri, kafin in zare waya ta yi shiru. Mai gyaran da ke ƙarshen layinmu ya buɗe ta, ya shinshina, ya ce in yi mata addu'a kawai, ta ma yi ƙoƙari da ta kai wannan shekarun.

Ban damu ƙwarai ba, don na san abin da na rubuta yana can rumbu wajen Yaya. Abin da ya dame ni kusurwar ce. Yanzu kwalayen takarda ne a wurin. Da rana idan layi ya yi tsit, sai in ga na juya kujera can, alhali ba abin da zan buɗe.

Maigida ya ce zai kawo wata. Ina jira.

Ɗanki,
Na-tsakiya

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Auta, ki zaunar da Inna kafin ki ci gaba.

An kawo kwamfutar. Adireshin rumbun yana kaina, sai na sake buga kulon kamar yadda Yaya ya nuna mini. Wancan karon nan da nan ya gama. Wannan karon sai na ga yana ta saukowa, ya ƙi ƙarewa. Na ɗauka intanet ne ke ja.

Da ya gama na buɗe, ban ga rubutuna ba. Ko layi ɗaya babu. A maimakonsa sai darussan da ban taɓa gani ba, jere a jere.

Wata malama da ke zuwa buga takardun karatunta tana tsaye, ta ga na daskare. Ta leƙa, ta tambaye ni ko ina tura aikina zuwa rumbun idan na gama. Na ce wace turawa? Ta riƙe baki. Ta ce bawan Allah, kulon kwafi ne kawai yake ba ka. Abin da ka rubuta a naka yana nan a naka sai ka tura, abin da aka ƙara a can kuma ba zai zo ba sai ka jawo. Ashe wannan ne darasin da Yaya bai kai ga koya mini ba ya tafi.

Inna, duk gaisuwar nan da nake yi, a cikin kwamfutar kusurwa ta tsaya, kuma ta ƙone tare da ita. Yaya bai ga komai ba.

Shi kuwa duk tsawon lokacin yana zuba mini darussa, kowanne da ɗan saƙo a kansa. A na farko yana tsokanata, wai ko ƙaton kan nan ya fara aiki. Can gaba ya tambayi ƙafar Baba. Ya tambaye ki sau da yawa. Daga nan saƙonnin suka riƙa gajarta. Ya rubuta ko an hana ni kula shi ne. Na ƙarshe ya ce ya gane, ba zai ƙara damuna ba, amma ya bar rumbun a buɗe. Wannan tun kafin Baba ya fara riƙe sanda ne.

Malamar ta zauna ta koya mini turawa da jawowa. Na tura masa layi biyu: ga ni, ban taɓa tafiya ba, turawa ce ban iya ba.

Yanzu kowace safiya, kafin in taɓa tsintsiya, sai na jawo. Kwamfuta takan ce babu sabon abu. Yau ma haka ta ce. Ban sani ba ko Yaya yana leƙa rumbun har yanzu.

Ki faɗa wa Auta abin da kike so ya ji, ta rubuto mini yadda kika faɗe shi, kada ta gyara. Zan tura. Idan ya buɗe wata rana, ina so ke ya fara tararwa.

Ki sa mu a addu'a, mu biyun.

Ɗanki,
Na-tsakiya