Lambar da Ruwa Ya Ci

Malam,

Sallama da gaisuwa irin wadda muka saba. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, amma wata biyar ke nan ban sami wanda zan gaya wa abin da ke cina ba.

Gida lafiya. An gama tsinkar auduga, hawasharmu, gonar nan tamu ta ban-ruwa, ta yi kyau bana, ƙaninka Sale ya tsaya a kanta tsakani da Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi.

Ran kasuwar garin Hajj Abdalla wani baƙo ya zo, wai shi Ustaz Bashir, ya ce tare kuka yi karatun taurari a Turai. Ya kawo sukari da ganyen shayi na ta'aziyya, har da hawaye. Amma bai ƙare kofi na biyu ba ya fara tambayar littafinka mai baƙin bango. Shekara uku da dawowarka, ban taɓa jin sunansa a bakinka ba. Ina yake sanda kake kwance? Wa ya gaya masa launin bangon?

Ya ɗauka ban san abin da ke ciki ba, na bar shi a haka. Alhali ni na kwafe rabinsa, sanda hannunka ya fara rawa. Kai ka gaya mani ɗigon hasken nan da kuke kira kwezar ba tauraro ba ne, yana can bayan duk taurarin da muke gani, haskensa yana ƙaruwa yana raguwa. Ka kwatanta mani da ruwan tur'a, babban magudanar da ke shayar da gonakinmu na Jazira: in an buɗe shi, Jazira ba ta jiƙa gaba ɗaya rana guda, sai dai ƙaramin fili. Haka abin da haskensa ke canjawa cikin makonni, faɗinsa ba zai wuce tafiyar da haske ke yi a makonnin nan ba. Ga shi ƙarami, ga shi ya fi taurari bila adadin haske. Kana zaton wani baƙin rami ne mai tsananin nauyi, iskar da ke zuba cikinsa ce ke zafi tana haskawa.

Shafin da baƙon ya fi nema shi ne wanda ya nuna canji mafi sauri. A nan laifina yake, Malam.

Da damina rufin ɗaki ya yi yoyo kan takardun awon da ka zo da su daga Turai. Lamba ɗaya ta jiƙe, ba a gane biyu ce ko uku. Da lambobin Larabci kake lissafinka, ka kuwa san haƙori ɗaya ne tsakanin biyu da uku. Kana fama da zazzaɓi, na ji tsoron ɓata maka rai, na sa uku wajen kwafa, ita ce kuwa ta nuna canjin nan mai sauri. Saboda wannan ukun ka tashi zaune kana dariya, ka ci tuwo, ka rubuta wa malaminka na Turai wasiƙa.

To me mutumin nan yake so? In ukun daidai ce, ina tsoron ya ɗora sunansa kan wahalarka. In kuskure ce, za a ce kai ka shirya ƙarya. Murmushinsa bai kwanta mani ba.

Ran Alhamis zai dawo, kuma ba zan ba shi littafin ba. Na je wurin shugaban makarantarku, ya rubuta mani takarda da Turanci zuwa ga malaminka. Na ce a sake auna hoton kwezar ɗin da ka ɗauka a kan gilashi ka bari can. Na ce in an ga kuskure, na Hauwa'u ne.

Wajen neman adireshinsa na laluba aljihun kwat ɗinka, sai ga wasiƙar nan taka a rufe, da kan sarki a manne. Ba ka aika ba. Sai na tuna ranar da ka daɗe kana duban shafin, ka ɗago ka dube ni, ka rufe littafin. Ka sani ke nan? Tun yaushe? Asirina ka rufa, ko jira kake in faɗa da bakina?

Na faɗa yanzu, ka yafe mani. Allah Ya haskaka makwancinka.

Matarka,
Hauwa'u