Ranar da Aka Saki Kifayen

Laraba da dare, Jimeta

Yau muka gama gyaran gidan kifin wurin shaƙatawa. Gilashin da na ɗaura bai yi yoyo ba, alhamdulillahi. Da aka saki kifayen, abokan aikina kowa ya kawo 'ya'yansa kallo. Emeka mai fenti ya ɗora 'yarsa a wuya, ya ce, "Baba Usman, ina naka yaran?"

Na ce suna nesa.

Tun ranar da 'yan bindiga suka watsa ƙauyenmu ban sake jin labarin matata da yaran ba. Na yi ta zarya zuwa sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi, shiru.

Bayan kowa ya tafi na tsaya ina kallon wani ɗan kifi ja. Da ƙaramata Aisha tana nan, da tuni ta raɗa masa suna.