Gida Arba'in da Biyu a Minti Uku

Lahadi, 1 ga Oktoba
Yau na shiga ajin Turanci na manya a zauren ƙungiyar gari. Ni Dahab, da ban taɓa zama kan bencin makaranta ba, sai ɗan baƙin da liman ya koya mini a allo, shi nake jan wannan rubutu da shi. Mu tara ne. Malamar, Abla Rawiya, sa'ar autata ce. Ta ajiye wata takarda mai layi-layi da agogon girki, irin wanda ake murɗawa ya yi ƙara. Ta ce gaisuwa minti biyar. Ina cikin tambayar Hajja Zanuba mai zoɓo lafiyar gwiwarta, abin ya ɗau kuka. Wai gaisuwa ta ƙare. Ta yaya gaisuwa ke ƙarewa ba a kai kan yara ba?

Laraba, 4 ga Oktoba
Ta tambayi kowa abin da ya kawo shi. Bastawi mai tuktuk, keken hayar nan mai ƙafa uku, ciniki yake so ya iya da baƙi masu zuwa kallon kufai. Ni na ce Ashri. 'Yar ɗana Fikri, Allah ya jiƙansa. A Kanada aka haife ta, uwarta Baturiya, ba Larabci, ba yarenmu na Nuba. Za ta zo farkon Disamba, yini ɗaya tak. Ni kaɗai na rage da ke iya jero gidaje arba'in da biyu na tsohon garinmu da ruwan dam ya cinye, kowane gida da mai shi da dabinonsa. In ban zuba mata su ba, ranar da aka binne ni garin ya nutse a karo na biyu.
Abla ta ƙirga da yatsu. "Darasi goma sha shida suka rage, Ammu Dahab." Ammu take ce mini, wato baffa. Ban gane me ƙirga ta zo yi a ciki ba.

Lahadi, 15 ga Oktoba
Kullum sai mun ɓata minti goma muna maimaita na baya. Sabuwar kalma takwas kacal. Na ce ta ba ni ɗari, kaina rumbu ne. Ta ce tulu ne, in aka juye masa bokiti gaba ɗaya ƙasa ce ke sha. Yau kuma sayen tumatir muka koya. Me matattuna za su yi da tumatir?

Laraba, 18 ga Oktoba
Ta ba kowa minti uku ya yi magana a ƙarshe. Na yi bisimilla, na fara yadda mahaifina ke farawa: daga kudu, inda kogi ya fito, da kakanmu na farko da ya zo cikin kwale-kwale. Rabi Turanci, rabi hannu. Agogo ya yi kuka, kakan bai ko ɗaure igiyar kwale-kwalen ba.
Bastawi ya ce, "Ya Hajji, kakan nan naka zai sauka kafin Disamba kuwa, ko in je in ɗauko shi a tuktuk?"
Na ce uban ubansa ma a gida na talatin da tara yake, can wajen jakuna. Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Laraba, 25 ga Oktoba
Ban je ba. Ƙafa.

Alhamis, 26 ga Oktoba
Ba ƙafa ba ce.

Asabar, 28 ga Oktoba
Da la'asar sai ga Abla a ƙofar gida da takardarta. Ta sha shayi kofi biyu ba ta duba agogo ba, ashe ta iya. Ta nuna mini inda ta yanke minti biyar daga bayaninta ta ƙara mini. Amma da sharaɗi. Kowane gida magana uku: sunan mai shi, sana'arsa, abu ɗaya da ake tuna shi da shi. Kuma in fara daga tsakiya, daga gidan su marigayiya matata, kakar Ashri.
Na ce ba a haka, kogi ba ya farawa daga tsakiya.
"Ammu, yarinyar nan ta yi tafiyar kwana biyu don ta ji gidan wa?"
Ta ce in mun yi sa'a mu samu gida goma sha biyu. Sauran talatin fa, in ce musu me? Ta tafi ta bar ni da takardar. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa.

Laraba, 15 ga Nuwamba
Zaɓen abu ɗaya ya fi Turancin wuya. Gidan Hamdun: in ce shi ne mai ƙera kwale-kwale, ko in ce matarsa ce ta karɓi haihuwar rabin gari? Na tambayi Zanuba, ta ce, "Wanne ne in ka bari zai zo maka a mafarki?" Na ɗauki matar. Hamdun ya yafe mini.
Gida takwas sun zauna. Na tara yana zamewa.

Asabar, 2 ga Disamba
Ashri ta zo. Sai bayan azahar motar ta iso, direba ya ce da la'asar za su juya. Mata suka cika gida da guɗa, sai kifi da gurasa, sai shayi, sai hoto, kowa na cewa goshin Fikri ne. Ina zaune ina kallon inuwar bango tana tafiya. Da aka sake mini ita ko awa ɗaya bai rage ba.
Bakina ya ɗauko kakanmu da kwale-kwalensa. Na haɗiye shi. Na ce, wannan gidan kakarki ne, ubanta mai hawan dabino ne, ƙofarsu shuɗiya ce. Na zana a yashin tsakar gida.
Ta durƙusa, ta ɗora yatsa a gefen zanen, ta ce, "Jaddi, nan kuma wa?" Jaddi, wato kakana, shi ne iya Larabcinta, sauran da Turanci. Na gane! Ba wanda ya fassara mini.
Gida bakwai muka yi, tana ɗauka a wayarta. Direba ya danna hon ana cikin matar Hamdun.
Bakwai cikin arba'in da biyu. Ban san ko in yi godiya ko in ji kunya ba.

Laraba, 6 ga Disamba
Na je aji. Bastawi ya ce ai ya ɗauka na gama na karɓi digiri.
Ashri za ta riƙa kira duk Juma'a, minti goma sha biyar kafin ta fita aiki. Saura talatin da biyar. Na raba su uku-uku a bayan kwalin shayi, Juma'a goma sha biyu. Za mu fara da maimaita na baya, don yaran yanzu kansu ba ya riƙo. Abla ta ga kwalin, ta rufe baki da gefen mayafi. Ba tsarinta ba ne, nawa ne, kowa ya san haka ake yi.
Kakanmu na farko ya faɗo a Juma'ar ƙarshe. Ya saba jira.
Na bar minti biyu a ƙasan kowane layi ban sa komai ba. Ko za ta sake tambaya.