Dalmar Zenaide

Litinin, 3 ga Fabrairu

Aladun daji sun sake shiga masara. Ɓangaren bakin rafi duk a kwance, kamar an yi dambe a ciki. Na tsaya ina kallo har ƙafafuna suka gaji.

Na faɗa wa mijina Miro. Ya juya fuska bango. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye kafin Kirsimeti, haka yake amsa komai. Mutumin da da sai na roƙe shi ya yi shiru.

Ɗanmu Nelci ya bugo waya daga birnin Passo Fundo. Maganar dai ɗaya: mu sayar da gonar mu koma wajensa. "Mama, wa zai tsare miki masarar? Ke?" Na ce ruwan shayinmu na mate na kan wuta, na kashe wayar.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na sauko da tsohuwar bindigar Miro daga saman ƙofa, mai mariƙin ɗura harsashi a ƙasa, wadda ya gada wajen ubansa. Harbi na iya, shi ya koya mini muna amare, takardar izinin harbin aladun ma da sunana a ciki. Maƙwabcinmu Seu Telmo ya kawo harsashin kanti, muka kafa katako a gindin shinge.

Abin kunya. Ɗaya ya shiga katakon a kaikaice, sauran Allah kaɗai ya san inda suka nufa. Telmo ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Dona Zenaide, ki nufi gidana, wataƙila ki sami aladen."

Da ya gama ya ce cikin bututun bindigar ya cinye da tsufa, ya yi wa harsashin kanti faɗi. Shi ya sa Miro bai taɓa saye ba, nasa yake zubawa, masu ɗan kauri. Na duba gwangwaninsa a rumfa. Kwanson harsashi fal, kan dalma babu ko ɗaya.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ban je coci ba. Shekara da shekaru ina zagin rumfar nan da warinta, yau ni ce a ciki da tsintsiya.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na narka guntayen tsohon famfon dalma a tukunyar ƙarfensa, a waje, inda iska ke wucewa. Na zuba a mazubin harsashinsa, na buge bakin da itace yadda na sha ganin yana yi. Abin da ya faɗo duk tamoji-tamoji, kamar fuskar kakata.

Haushi ya sa na kwashe su a faranti na kai masa har gado. Na ce ga abincin ranarka.

Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki ɗaya da hannun hagu, ya juya shi. Bakin nan nasa da ya karkace ya yi ta motsi, sannan: "Sanyi."

Na ce a kawo bargo?

"Mazubin. Sanyi. Sakarai."

Na fita baya na zauna kan buhun gishirin shanu na yi kukana. Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

A gasa mazubin tukuna a gefen wuta. Shi ke nan fa! Sun fito sumul, suna walƙiya, kansu a baje. Miro ya ce dole kan ya zama a baje, don a jere suke kwanciya cikin bindigar, hancin wannan a gindin wancan, mai tsini zai iya tayar da na gabansa. Ya ɗauki lokaci kafin ya gama faɗar wannan. Ban taya shi ba.

Zufa ta ɗiga mini cikin tukunya, dalmar ta yi tsartuwa ta ƙona mini bayan hannu. Yanzu ina ɗaura ƙyalle a goshi.

Talata, 18 ga Fabrairu

Sun ci rabin abin da ya rage ta gefen rijiya. Akwai wani ƙaton namiji a cikinsu, jiya ya farke wa Telmo kare.

Miro ya sa na ja kujerarsa zuwa baranda. Da kansa ya nema. Daga nan yake ba da umarni kamar janar: a ƙara kuza kaɗan cikin dalmar don ta yi ƙarfi, a narka kakin zuma da kitsen rago a cika zoben jikin harsashin. Kicin ɗina yana warin tunkiya.

Albarushi ne bai yarda na taɓa ni kaɗai ba. Na kawo ɗan ma'aunin gabansa, ina aunawa yana kallo. Kafin na toshe kowane kwanso sai na ɗaga shi a haske mun leƙa mu biyu, kada a zuba sau biyu. "Fuskar taki ba wani kyau ne da ita ba," in ji shi, "amma na saba da ita."

Bakin ya dawo, ke nan. Ni na jawo wa kaina.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Gwajin harbi a katako kuma. Telmo ya zo musamman don ya yi dariya, har da ƙoƙon mate ɗinsa.

Ramukan duka a wuri ɗaya, tafin hannuna ya rufe su, kowanne zagaye tsaf! Telmo ya je ya sa yatsa a ciki, ya dawo yana sosa ƙeya. Miro daga baranda yana buga sanda a ƙasa yana ihu, rabin maganar ba a ji, amma "kumpadre", wato amini, da "jaki" sun fito sarai.

Asabar, 1 ga Maris

Na kashe shi. NA KASHE SHI.

Bari in rubuta a hankali.

Safiya da yawa ina zama bayan katangar dutse ta bakin rafi, ba komai sai sauro. Yau gari ya fara wayewa, hazo kwance kan masara, sai na ji kara yana karyewa. Warinsa ya riga shi isowa. Matan da 'ya'yan suka wuce can nesa, shi ya fito shi kaɗai, baƙi ƙirin, gashin bayansa a tsaye. Ban san alade na kai girman nan ba.

Na jira ya ba ni kafaɗa. Na ja kunama. Ya durƙusa, sai kuma ya miƙe ya yo kaina. Ban tuna na ja mariƙin ba, na dai ga kwanso ya yi sama yana juyi, na biyu ya tashi. Ya zo ya faɗi dab da katangar, har ƙasa ta fantsamo mini a siket.

Na zauna daɓas. Na yi addu'a, na yi zagi, ban san wanne ya riga ba.

Telmo ya jawo shi da tarakta har gaban baranda. Wajen fiɗa muka ciro dalmar farko a ƙarƙashin fatar ɗaya kafaɗar, ta baje kamar maɓallin kwat. Na sa wa Miro a hannun dama, mara lafiyar. Yatsun suka ɗan lanƙwashe a kai. Ni na gani, Telmo ma ya gani, ya yi kamar yana neman wuƙarsa.

Lahadi, 2 ga Maris

Gashin nama a tsakar gida, maƙwabta sun cika. Telmo yana ba da labarin kamar yana wurin, kowane zagaye aladen na ƙara girma. Nelci ya ga hoton aladen da aka tura masa ya bugo: "Mama, ke ce da gaske?" Ya ce zai zo bikin Ista ya taya mu girbi. Maganar sayarwa bai tayar ba, ni ma ban tuna masa ba.

Garken bai dawo ba. Zai dawo, na sani. To, ya zo ɗin, ina jiransa.

Talata, 11 ga Maris

Ruwa tun safe. Ba abin yi a gona, na shiga rumfa na cika kwanso kaɗan. Sai da na gama na lura ban kira Miro ya duba albarushin ba. Yana barci ne, shi ya sa.

Da rana yana cewa in hannun ya warware, kafin sanyi, zai karɓi bindigarsa. Na ce to, Allah ya sa. Da gaske nake.

Ƙotar bindigar ta ɗan yi mini tsawo. Ɗazu na sa zarto na rage ta kaɗan, na goge bakin, na shafa mai. Ba a ma ganewa sosai.

Ta zauna a kafaɗata daidai.