Hoton da Ke Kan Teburina

Litinin, 9 ga Maris, ƙarfe ɗaya da minti ashirin na rana, a ɗakin hutun ma'aikata.

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, kada ki damu. Barci ne dai yake ɗan yi mini wuya.

Kin tuna hoton waliyyin da na ci sunansa ranar baftisma, wanda aka kashe don ya ƙi musun Yesu? Ranar Alhamis shugabar sashenmu ta gan shi a teburina, ta ce, "Sabon shiga, wane ne wannan mai gemu?" Mutum huɗu suna saurare. Na ce, "Kakana ne." Ta ce wai har hancinmu ɗaya. Ba wanda ya tsorata ni, Mama. Watanni ukun gwajin aiki kawai na tuna.

Yanzu kowace safiya sai ta gaishe shi, "Ina kwana, Kaka."

Ki sa ni a addu'ar carbi. Allah ya ja kwananki.

Abin da ban sani ba: ko gaskiyar za ta dami shugabar, ko Fadan cocinmu zai kira wannan musun Yesu, ko gobe bakina zai buɗe.

Ɗanki.