Muryar Matata a Kiɗan Rege

Malama, ki taimake ni da shawara. Yau Talata. Ƙafafuna sun ɗan saki, amma tari bai bar ni ba, shi ya sa rubutun ya karkace.

Ni tsohon malamin makaranta ne, ni kaɗai nake zaune tun rasuwar matata. Akwai wata tsohuwar waƙar soyayya da take so, wadda mai ita yake cewa masoyiyarsa ta zo yadda take, ba sai ta gyara komai ba. Ita ma haka ta karɓe ni, da ɗingishina da saurin fushina.

Jikana, ɗan 'yata, mai gashi kamar igiya, ya sake rera waƙar da kiɗan rege. Ranar da na fara ji, na ɗauka batirin rediyona ne ya yi sanyi, don ya ja ta a hankali. Yanzu har a shagon aski ake sa ta. Mai askin ya nuna ni wa jama'a ya ce ga kakan mawaƙin. Ranar na dawo gida da ƙyar sandata take taɓa ƙasa.

Ga damuwar. Na taɓa naɗar muryar marigayiya a kaset tana rera waƙar tana guga, ba ta sani ba, har da dariyar da ta yi da ta gano ni. Yaron yana so ya sa muryar a amshi. Ni kam ina so duniya ta ji irin matar da na aura. Uwarsa ta ce ba za a riƙa rausaya da muryar mahaifiyarta a bakin titi ba, addu'a take bukata. Ta ma daina kirana. In ba yaron kaset ɗin, ko in hana?

Ya ce yau zai zo karɓa. Na sa rigata mai kyau, na fitar da kujera ƙofa. Har rana ta faɗi bai zo ba.

Kakan Mawaƙi

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Tarin nan a nuna wa likita.

Ka cancanci yin alfahari, yaron ya yi abin kai. Amma matarka uwar wata ce, kuma ba don shagon aski ta rera waƙar ba. Ban ga inda ka ce 'yarka ta taɓa jin kaset ɗin ba. Kai ka fara kiranta, ta zo ku saurara ku biyu, ba tare da yaron ba. In ta amince, a kwafi muryar a gabanka, kada kaset ɗin ya bar ɗakinka. In ta ƙi, ka haƙura. Waƙar ta riga ta shiga gari, ba abin da za ta rasa, kai kuwa za ka iya rasa 'ya.

Jikanka kuwa, ina ganin tsoron ɓata wa ɗayanku ne ya hana shi zuwa. Ka aika masa ya zo gaishe ka, a ajiye zancen kaset.

Allah ya jiƙan Mama, ya cika maka ɗaki da 'ya da jika.