Akwatin da Ya Ƙi Shiga Ɗaki

Zuwa ga Autana,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Yaya aiki, yaya iyali da jikokina? Ina fata duk kuna lafiya.

Talabijin ɗin da ka aiko ya iso, mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Babanka ya sa an kafa shi, ya ce girmansa ya yi ƙofar banɗaki, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Tarin nan ne ya sa na rubuto. Likita ya ja yayarka gefe, ta dawo ido jajir.

Duk da haka bai bar rumfar kafintancinsa ba. Ya tattara ragowar katakon da ya yi wa coci bencina, yana ta fiƙa da gogewa. Da na tambaya, ya ce gado yake yi wa kansa, wanda ba a tashi a gyara shimfiɗa. Na gane, na shiga ɗaki na yi kukana.

Ka tuna faɗan da kuka yi kan bencinan nan, da ka ce ya ƙare ƙarfinsa a aikin kyauta, kai ba za ka mutu da ƙurar katako a kai ba? Bai riƙe ka ba. Abin da ke cin ransa shi ne da yayarka ta ce shagunanka a buɗe suke ran Lahadi, rabonka da sujada har ka manta. Kullum a addu'ar safe sunanka ne na farko.

Ka zo, Auta. Ba sai ka riƙo komai ba.

Mamarka.

Zuwa ga Autana,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka gaisuwar rashin Babanka. Yaya haƙuri? Ka gaishe mini da matarka da yaran.

Direbanka ya gaya mana kayanka sun maƙale a hanya, shi ya sa ba ka samu zuwa ba. Na ji. Bari in gaya maka yadda aka yi, kada ka ji a bakin wani.

Akwatin gawar da ka aiko ya iso da safe. Maƙwabta suka fito kallo. Ƙyalli kamar sabuwar mota, mariƙai ruwan zinariya, ciki da laushi fiye da katifar da muka kwana a kai duk zaman aurenmu. Maza suka ɗauko shi za su shiga ɗakin da Babanka yake kwance, ya ƙi shiga. Suka karkata shi, suka miƙar, suka cire labule da ƙyauren. Direban ya ce a fasa bango, Oga zai gyara. Na ce ba a fasa mini bango.

Kafin Babanka ya cika ya riƙe hannuna ya ce, "In Auta ya aiko da wani abu mai ƙyalli, ki gode masa da kyau. Amma ki sa ni a nawa."

A nasa muka sa shi. Ya shiga ƙofar salin alin, domin Babanka ya auna ta. A coci zumuntar mata suka yi waƙa, fasto ya ce mutanen nan duka a kan aikin hannunsa suke zaune. Wurinka a bencinmu, yayarka ta ajiye jaka kada wani ya zauna.

Naka yana rumfa, na rufe shi da tamfol. Ga abin da ya hana ni sukuni. Yayarka ta lura ya fi Babanka tsawo nesa. Direban ya ce da mai sayar da akwatin ya tambayi tsawon mamaci, kai ka ce a auna ka, ai tsawonku ɗaya. Auta, ka daɗe ba ka tsaya kusa da shi ba. Ko kafaɗarka bai kai ba.

Yanzu duk sanda na fita shanya sai in ga abin nan, daidai tsawon ɗana, gabana ya faɗi. Babanka na san inda ya tafi, ina kewarsa amma ba na jin tsoro. Kai nake ji wa.

Ba zan sayar ba, ba kuma zan ba direba ba, kada ka wahalar da shi. Ka zo da kanka ka kawar mini da shi. Ka zo ran Asabar ka kwana, da safe mu tafi sujada tare. Zan ce wa yayarka ta ɗauke jakar.

Ubangiji ya kiyaye mini kai.

Mamarka mai ƙaunarka.